Matan Bakin Ƙofa

Shekara shida Tamanda Likoswe ta yi tana bin mata ɗaki-ɗaki a cikin littattafai, tana duba inda kowacce ke tsayawa idan za ta ce tana so ko ba ta so. Aikin digirinta na uku ke nan, a jami'ar da take koyar da adabi a Zomba. In aka tambaye ta a kan me take bincike, sai ta ɗan gyara tabarau ta ce, "Nazarin muhalli a cikin ƙagaggun labarai." Yawancin mutane kalmar muhalli kaɗai suke kamawa. Mahaifiyarta har ta koma ga Allah tana gaya wa matan coci cewa gwamnati ta sa Tamanda a kan maganar shara da magudanan ruwa.

Abin ba shi da wuya in an cire masa manyan kalmomi, sai dai Tamanda ba ta cika son a cire ba. Wasu masana na ƙasashen nesa ne suka ce wuri ba fanko ba ne. Ɗaki, tsakar gida, madafa, titi, kowanne da mai iko da shi, kuma inda mutum ya tsaya shi ke koya masa yadda zai yi magana, har da yadda zai so wani. Tamanda ta ɗauki wannan ma'auni ta auna littattafai talatin da bakwai da mata suka rubuta. Ta zana gidajen da ke cikinsu da fensir mai launi ta manna a bangon falonta, gidajen da ba a taɓa ginawa ba, ta sa jan ɗigo duk inda mace ta furta so, shuɗi inda ta haɗiye. Ranar da mai gyaran famfo ya zo, ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce in za a fara ginin a tuna da shi.

Babi na huɗu shi ne abin alfaharinta. Ya tsaya ne a kan littattafai uku na wata Elube Makwinja, waɗanda aka buga da harshen Chichewa tun kafin a haifi Tamanda. A cikin ukun nan duka, jajayen ɗigon a wuri ɗaya suka taru: bakin ƙofa. Ba mace ɗaya da ta yi maganar so a cikin ɗaki. Kullum tana tsaye a ƙofa, hannunta ɗaya a jikin ƙyaure, namiji na gabanta. Daga nan Tamanda ta fitar da shafi sittin da takwas. Ta ce gida na namiji ne. Mace ta san in ta shiga, bakinta ya mutu, don haka take tsayawa a iyaka, tana so amma ba ta miƙa wuya ba. Duk lokacin da ta sake karanta babin sai ta ji tsigar jikinta ta tashi, ta ce a ranta, kai, ashe haka nake da kai.

Akwai kuma Feston Maluwa, likitan dabbobi, wanda matarsa ta rasu shekara takwas da suka wuce. Shekara uku yana zuwa wajen Tamanda duk Asabar da ƙwai ko madara, a cikin wata tsohuwar a-kori-kura mai warin maganin kaska. Mutum ne da ba ya son dogon zance. Wata rana yana mayar da ita gida daga kasuwa, idonsa na kan hanya, ya ce, "Tamanda, ba ki ganin lokaci ya yi da za mu zauna wuri ɗaya?"

Tun daga kwanar kasuwa har ƙofar gidanta tana yi masa bayani. Ta kawo sunayen masana huɗu. Ta ce ita ba za ta tattara littattafanta ta shiga gidan wani ta zama ɗaya daga cikin kujerunsa ba. Da ta tsaya shan iska, Feston ya ce, "To." Ya sauke mata dankalinta ya tafi. Asabar ta gaba ya dawo da ƙwai kamar ba a yi komai ba. Wata huɗu bai sake tayar da maganar ba, ita kuma wata huɗun nan tana jin haushin rashin tayarwar, ba tare da ta sami masanin da ya yi bayanin wannan ba.

Ana nan, wata Talata ta je ɗakin karatu na jami'a ta sabunta aron littattafan uku, karo na nawa ma ba ta sani ba. Mama Chikopa, tsohuwar ma'aikaciyar wurin, tana buga hatimi ta ce, "Ke da matar nan, kamar ita ta haife ki."

"Ai marigayiyar ta cancanta," in ji Tamanda.

"Wace marigayiya? Watan jiya muka haɗu da ita a wurin jana'iza a Mulanje. Kwano biyu ta ci a gabana."

Tamanda ta koma ofis ta buɗe babi na huɗu. Sau goma sha huɗu ta kira matar marigayiya. A wani wuri har ta rubuta cewa abin takaici ne da mutuwa ta hana a tambaye ta. Ta zauna tana kallon jimlar, tana tuna daɗin da ta ji ranar da ta rubuta ta.

Feston ne ya kai ta wajen Elube Makwinja, ran Asabar da sassafe. Suka bi ta Phalombe, suka bar kwalta, suka shiga tsakanin gonakin masara da dutsen Mulanje a gabansu. Tamanda ta sa rigarta ta taro, ta ɗaura zane a kai don ladabi, jakarta cike da takardu da na'urar ɗaukar murya. A hanya ta gwada tambayoyinta a kan Feston. Ya ce suna da kyau, sai dai bai gane inda tambayar take ba a ta uku.

Suka tarar da tsohuwar a kan tabarma a inuwar gidanta, tana ɓarar wake a cikin faifai. Ƙaramar mace ce, ta haura tamanin, idanunta tar. Gefe guda wani tsoho dogo na zaune a kujerar katako, da rigar sanyi mai maɓalli duk da zafin rana. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen Zomba. Da tsohuwar ta ji aikin Feston sai ta tafa hannu.

"Allah ne ya kawo ka, ɗan nan. Saniyata kwana biyar tana ɗingishi. Baƙon nan," ta nuna tsohon da haɓa, "kullum sai ya je ya tsaya a kanta ya kalle ta ya dawo. Baƙo, tashi ka kai likita ya gani."

Tsohon ya miƙe ba musu, suka zaga bayan gida shi da Feston.

"Baƙo kuka yi, Mama?" in ji Tamanda.

"Lyson? Mijina ne. Shekara hamsin da shida ke nan da zuwansa. Zauna mana, Malama, ki taya ni ɓara. Hannu na aiki, baki na aiki."

Tamanda ta kunna na'ura ta ajiye a kan tabarma. Ta fara da yabo, tsohuwar ta karɓa ba kunya, har tana ƙara wasu wuraren da ya kamata a yaba. Sannan ta ciro shafin da ta fi so a babi na huɗu. Da Turanci ta rubuta shi, dole ta juya shi zuwa harshen gida. Tana juyawa tana jin manyan kalmomin na zubewa ɗaya bayan ɗaya, har shafi guda ya ƙanƙance ya koma jimla biyu: matan littattafanki suna tsayawa a bakin ƙofa domin gidan na namiji ne, suna tsoron in sun shiga ba za su fito da bakinsu ba.

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin faifai.

"Gidan wa?"

"Na namijin, Mama. Wato a matsayinsa na..."

"Wane namijin? Wanda ke tsaye a waje da hula a hannu?"

Tamanda ta mayar da ido kan shafin.

"Ke 'yar ina ce, Malama?"

"Chiradzulu."

"Af! Ashe ta nan kusa ce. Na zaci daga teku kika fito. To kakarki ta wajen uwa, a gidan wa ta zauna?"

Amsar na nan a bakin Tamanda tun tana 'yar shekara biyar, ba sai ta nema ba. Kakarta a gidanta ta zauna, a filin uwarta, kusa da 'yan'uwanta mata. Maza ne ke tarewa a garin matansu, su gina ɗaki, su noma gonar da ba tasu ba. Tamanda da idonta ta ga safiyar da kakar ta fito da bargon mijinta na biyu da fartanyarsa ta ajiye a ƙofa, ta koma ciki ta ci gaba da dama kunu. Mutumin ya zo ya gani, ya ɗauka, ya yi sallama da kowa cikin ladabi, ya kama hanyar garinsu. A tsakar gidan nan Tamanda ta yi duk hutun makarantarta. Sai ga shi ta je ta karanta littattafan mutanen da a wurinsu amarya ake kaiwa gidan ango, ta dawo ta shafe shekara shida tana tausaya wa kakarta.

"Ƙofar tata ce," ta ce a hankali.

"To da ta wa ce? Tana tsaye a ƙofarta tana duba ko ta bar shi ya shiga ko ya ƙara gaba. Shi ne abin tausayin, ga rana, ga karnuka."

Daga nan tsohuwar ta fashe da dariya, har waken ya zube a kan tabarma. Ta yi ta yi, ta share hawaye da gefen zane, ta tambayi shafi nawa ne. Da ta ji sittin da takwas sai ta sake sabon lale. Na'urar na ta ɗauka. Daga baya Tamanda ta auna, minti biyu da daƙiƙa goma dariyar ta ci, kuma can ƙasa-ƙasa ana jin wata murya na cewa "haka ne, Mama, haka ne," wadda da ƙyar ta yarda tata ce.

Amma malamin jami'a ba ya faɗuwa gaba ɗaya, sai ya nemi abin kamawa. Tamanda ta tattara waken da ya zube, ta ce, "To amma, Mama, a littattafan uku ba inda aka bi su cikin ɗaki. Ko sau ɗaya. Wannan shirun dole yana da ma'ana."

"Yana da ita. Ga ta can tafe."

Baba Lyson ne ke dawowa, yana kaɗe wando. Ya ce ƙaya ce ta shige tsakanin kofaton, likita na wanke wurin.

"Malama na tambaya me ya sa ba a shiga ɗaki a littattafaina," in ji matarsa.

Tsohon ya zauna, ya gyara maɓallin rigarsa. Ya ce a lokacin shi akawu ne a gonar shayi, shi ne mai keken rubutu. Ita ta rubuta da hannu a littafin makaranta, shi ya buga bayan an tashi aiki.

"Shafi tara na ƙi bugawa a na farko," ya ce. "A na biyu goma sha ɗaya. A na uku ta gaji ta daina rubutawa."

"Kishi ne kawai."

"Ba kishi ba ne. Ni dattijon coci ne. Kuma mutumin da ke cikin ɗakin ba ni ba ne, kowa ya karanta zai gane. Yana waƙa, yana kaɗa jita. Ni yaushe na yi waƙa?"

"Ai shi ya sa na rubuta shi."

"Kin ji ko, 'yata? Shekara hamsin da shida."

"Shafukan suna nan?" in ji Tamanda.

"Gara ta ci," in ji tsohuwar. "Ita kaɗai ta karanta, kuma ba ta bar ko layi ba."

Aka kawo tuwon masara da wake da ganyen kabewa. Mazan suka ci a ƙarƙashin mangwaro, matan a kan tabarma. Tamanda ta kashe na'urar, ta cire tabarau saboda zufa. Yanzu da ba abin da ya rage ta kare, sai ta ji tambaya ta zo mata da kanta, ba daga takarda ba. Ta tambayi labarin Nasiwe, matar littafi na biyu, wadda ta bar masoyinta a ƙofa damina uku har ya gaji ya tafi aikin ma'adinai a ƙasar kudu. A babi na huɗu Nasiwe ce jaruma, wadda ta zaɓi kanta.

Tsohuwar ta mulmula loma.

"Yayata ce," ta ce. "Na canja mata suna. Ba jarumta ba ce, 'yar nan, tsoro ne. Kin ga wadda aka ɗauka aka kai gidan miji, in abin ya ɓaci tana da wanda za ta zarga: ubanta, kawunta, wanda ya raka ta. Amma mai ƙofa da bakinta za ta ce shigo. In ya fito mashayi, ita ta ce shigo. Yayata ba ta iya faɗa ba. Tana son mutumin nan kamar ranta, kullum sai ta ce bari dai a ga kaka. Har ta mutu, in mota ta tsaya a bakin hanya sai ta ɗaga kai."

Ta kai lomar baki, ta kalli wajen mangwaro inda Feston ke sauraron Baba Lyson yana gyaɗa kai.

"Wancan mai warin maganin fa, direbanki ne?"

"A'a, Mama. Aboki ne."

"Aboki. Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Hm," in ji tsohuwar. "Ƙara wake."

Da la'asar suka kama hanya, da kaza ɗaya a ɗaure a bayan mota, ladan saniya. Suka hau kwalta. Feston ya tambayi Tamanda ko hirar ta yi kyau. Ta ce ta yi kyau ƙwarai, babi na huɗu ya mutu. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, da irin muryar da yake yi wa manomin da sa ya mutu masa.

Sun wuce wata gada ta ce, "Ranar nan da ka ce mu zauna wuri ɗaya."

"Na'am."

"Wane wuri kake nufi?"

Ya juyo ya kalle ta, ya mayar da ido kan hanya. "Naki mana."

"Nawa?"

"To da na wa? Ni gidan gwamnati nake ciki, shekara biyu ta rage in yi ritaya su karɓi abinsu. Ke kina da naki, ga fili a baya. Ubana ma garin uwata ya tare. Ni ban taɓa zaton wani abu daban ba."

"To me ya hana ka faɗa a ranar?"

"A ina zan sa? Ba ki bar wuri ba. Na jira ki yi numfashi a wajen gidan mai, kika wuce."

"Wata huɗu fa, Feston!"

"Na ga kin yi karatu a kan abin. Na ce wataƙila akwai wani abu da ban sani ba."

Tamanda ta jingina kai da gilashi. Ta so ta yi fushi, ta duba ko'ina ba ta ga wanda za ta yi da shi ba. Kazar ta yi kuka a baya. Ta ji maganar na nan a maƙogwaronta, guntuwa, ba ta kai ko rabin layi ba, amma ta fi babin duka nauyi. Suka wuce ƙauye ɗaya, suka wuce na biyu. A na uku wasu awaki suka tare hanya, motar ta tsaya, sai ta faɗa da sauri tana kallon awakin, kamar mai karanta sanarwa.

"To ka zo."

"To," in ji Feston. Ya danna ƙaho, awakin suka watse.

Shugaban bincikenta, Farfesa Kamwendo, ya saurari labarin ranar Litinin da hannu a haɓa. Mutumin arewacin ƙasar ne, inda mata ke bin miji, don haka sau uku ya karanta babin bai ga komai ba. Ya ce kada ta damu, a ilimi ba a cewa an yi kuskure, sai dai a ce an sake duban matsaya. Sake duban ya ci shekara ɗaya da rabi. Sabon babin shafi arba'in ne, kuma ba sunan masani ko ɗaya a shafi goman farko. Da aka zo kare digirin, baƙon farfesan da aka gayyato ya yaba mata a kan yadda ta tsaya da ƙafarta a kan al'adar mutanenta tun daga tushe. Tamanda ta sunkuyar da kai cikin tawali'u ta karɓa.

An ɗaura auren kafin nan, bayan kawunta da kawun Feston sun zauna sun sha shayi sun amince da abin da ba a nemi shawararsu a kai ba. Feston ya tare da akwati biyu, da takalman roba ƙafa uku, da wani ƙaramin firiji na allurar rigakafin shanu da ba a yarda a kashe shi ko na awa ɗaya. A nan Tamanda ta fara nazarin da ba a koya mata a ko'ina ba. Madafa ba wuri. Falo ba soket mai kyau. Ɗaki ɗaya ne ke da soket ɗin da ba ya wasa, wato ɗakin karatunta, daidai gefen teburinta.

"Na kwana biyu ne, kafin mai gyaran wuta ya zo," in ji Feston.

"Nan nake tunani, Feston. Abin nan gurnani yake yi."

"A hankali yake yi."

"Gidana ne fa."

"Ƙwarai. Shi ya sa nake tambaya."

Ta tsaya tana kallonsa, ya rungume firijin a ƙirji, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana jira da haƙurin nan nasa mai ban haushi. Ta matsar da kwandon takardu da ƙafa.

Mai gyaran wuta ya zo bayan sati uku ya gyara soket ɗin falo. Ba wanda ya tayar da maganar mayar da firijin. Zuwa lokacin Tamanda ta gano cewa in ta matsa kwalaben allurar gefe, akwai wurin gorar ruwan sanyi da rabin gwanda, kuma hannunta na kaiwa ba sai ta tashi daga kujera ba.